Inda Muka Ajiye Muryar Ɗan Goggo

Goggo yayar mahaifina ce. Ita ta riƙe ni a Yamai tun ina ƙarama don in yi karatun boko, iyayena kuwa suna can ƙauyenmu a ƙasar Tawa. Gidanta yana Bobiel, wanda a lokacin bakin gari ne: ɗaki biyu, da rumfa, da dogon yaro guda a tsakar gida. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Ɗa ɗaya Allah ya ba ta, shi ma ya bi sawun samarin garinmu zuwa Abijan neman abin kai, ciwon ƙirji ya kama shi, aka binne shi can. Babu wanda ya ga kabarinsa a cikinmu. Abin da ya rage mata nasa kaset ɗaya ne.

Mutanenmu da yawa ba su rubutu, saboda haka a da da kaset ake aika saƙo. Mutum ya zauna gaban rediyo ya yi gaisuwa, ya faɗi abin da ke ransa, a naɗe kaset ɗin a tsumma a ba direba. Wanda aka aika wa ya saurara, ya mayar da zaren farko, ya ɗora amsarsa a kan muryar da ya ji, kaset ya koma inda ya fito. Haka kaset ɗaya zai yi shekaru yana zuwa yana dawowa, kuma kullum maganar ƙarshe ce kawai a kansa. Na Goggo ya tsaya ne domin labarin rasuwar ya riga amsarta. Direba ya kawo shi, ba ta kai ga zama gaban rediyo ba aka yi sallama da mummunan labari.

Fuska ɗaya karatun Alƙur'ani ne da ya ɗauko mata a wani masallaci na can. A ɗaya fuskar shi ne yake magana.

Ɗan fari ne, don haka Goggo ba ta taɓa kiran sunansa ba, kuma ba ta nuna tana kewarsa. In ya zama dole ta ambace shi, sai ta ce mutumin Abijan. Ko ranar da aka kawo labarin ban ga hawayenta ba, sai tambaya take ko an ba baƙi ruwa. Amma duk Juma'a bayan la'asar za ta shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dogon yaro ta kira ni.

"Ke, ɗauko rediyo ki sa mana karatu."

Sai in sa. Mu saurara har ya ƙare. Ta ɗan ja carbi, sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Juya shi. An ce in ana jin fuska ɗaya kullum, ɗayar lalacewa take."

Ni kuwa in juya kamar ban san komai ba.

Na haddace maganar tun daga farko. Yana soma wa da "Inna, ina gaishe ki," ya maimaita, don bai tabbata rediyon ya fara ɗauka ba. Ya tambayi ƙafarta mai ciwo. Ya ce can ruwa ba ya ɗaukewa, har kaya suna yin fumfuna a cikin akwati. Ya ce ya saya mata zane mai ruwan ganye, amma ba zai ba direba ba, shi zai kawo da hannunsa. Ya yi tari, ya ce ba komai, sanyi ne. Can wajen ƙarshe sai ya juyo kaina, da yake shi ɗan mace ne ni ɗiyar namiji, abokan wasa muke, bai taɓa barina in sha ruwa lafiya ba. Ya ce ya san ina bayan ƙofa ina saurare, in ɗaga kai daga littafi in gaida mutane. Yana cikin dariyar nan zaren ya ƙare.

Ina jami'a shekarar da damina ta gaza, sojoji kuma suka karɓi mulki. Gwamnatin da aka sauke ba ta son a ambaci yunwa. Da sojoji suka zo sai aka fara faɗin kalmar a fili, har a rediyo. Mu dai ba mu jira rediyo ba. Mata daga ƙauyuka sun cika unguwarmu da tabarmi da yara, suna bin gidaje suna neman wankau ko daka. Duk wanda ya zo daga gida, labarin shanu yake kawowa, waɗanda suka kwanta suka kasa tashi.

Ƴan garinmu mazauna Yamai suna da ƙungiya, suna taruwa a rumfar wani alhaji mai sayar da katako a kasuwar Katako. A nan aka yanke shawarar a buɗe shafi a intanet, a sa hotunan gari da halin da ake ciki, don namu da ke Abijan da Libiya da ƙasar Turawa su gani su taimaka. Wani ya ce ai ɗiyar Goggo ta iya ordinatar, wato kwamfuta. Aka aiko kirana. Na tsaya a bakin rumfar, ƙanshin itace ya cika mini hanci, dattawa suna kallona, na amsa da muryar da ni kaina da ƙyar na ji. Alhajin ya ce, "To ita wannan da ba ta magana, ta yaya za ta yi wa duniya magana?" Aka yi dariya, aka ba ni aikin.

Ba ni da ordinatar tawa. A siber nake aiki, inda ake biya a zauna gaban na'ura, ina yawo da ɗan kile a jaka, wato ƴar ma'ajiyar nan da ake soka wa a jikin ordinatar. Ƙarama ce ƙwarai. Na'urorin siber kuwa ba a barin komai a kansu, mai wurin yana share su a kai a kai saboda ƙwayoyin cuta.

Shafi sai da wurin zama. Aka nuna mini wani ƙaramin kamfani mai ajiye shafuka a Kalley, a bene, saman wani shagon yadi. Mai shi haifaffen Yamai ne, Hausarsa ta kasuwa ce haɗe da Faransanci, mutum mai fara'a. Da ya ga ina ta tambayoyi sai ya buɗe mini ɗakin ciki, mai sanyi, inda wasu baƙaƙen akwatuna biyu ke gunji a kan teburi.

"Madmazel, ki kwantar da hankalinki. Kin ga wannan? Nan shafinku zai zauna. Wannan kuma ƙanensa ne. Kowace safiya yana kwashe duk abin da ke cikin wansa. In babba ya mutu, ƙarami ya tashi."

Na ce, "In duka biyun fa?"

"Ki ɗaga murya, ban ji ba."

"Na ce ba a ajiye wani a wani wuri daban?"

Ya yi dariya, ba ta raini ba. "Wallahi ke ce ta farko da ta tambaye ni haka. Manyan ma'aikatu ma ba su tambaya. Kin san layinmu. In na ce kullum zan tura duk wannan ƙasar waje, sai Sallah ta zo bai isa ba. Ki riƙe naki kopi a gida in kina iyawa, ba laifi ba ne."

Haka na yi. Duk hoton da na ɗora, duk rubutun da na yi, yana cikin kile ɗina, kowane a mazauninsa da sunansa.

A wannan bazarar ne na lura kaset ɗin Goggo ya fara gajiya. Wurin da yake cewa "ƙafarki" muryar tana yin lanƙwasa, kamar mai magana cikin ruwa. Wata Juma'a ma rediyon ya tauna zaren, sai da na sa fensir na mayar da shi a hankali, Goggo tana tsaye a kaina ba ta ko numfashi. Washegari na roƙe ta aronsa. Wani malaminmu yana da igiyar da ke haɗa rediyo da ordinatar, ya bar ni na zauna a ofishinsa na kwashe fuskar nan gaba ɗaya. Da na gama sai na ga ta fi ƙarfin kile ɗina, ba za ta shiga ba tare da hotuna da aikin makaranta. Na ɗora ta kai tsaye a shafin ƙungiya, a wani lungu da na ware wa waɗanda suka rasu a ƙasar waje. Na yi lissafina: akwati biyu a Kalley, kaset kuma a Bobiel, nesa da su. Ko da wani abu ya sami benen nan, asalin yana gida. Don ƙarin tsaro na karye ɗan kunnen da ke ƙasan kaset ɗin, wanda in babu shi rediyo ba ya yarda ya ɗauki sabuwar magana.

Na so Goggo ta ji da kunnenta. Da ƙyar ta yarda ta bi ni siber. Ta zauna a kujerar roba tana tattare mayafi, na ɗora mata abin saurare a kan kallabi. Da muryar ta fito sai ta zabura.

"Ina kaset ɗin?"

Na ciro shi daga jaka na nuna mata.

"To wa ke magana?"

"Shi ne, Goggo. An kwashe ne."

Ta saurara har wajen zane mai ruwan ganye, sannan ta zare abin daga kunnenta.

"Mutanen Abijan ma suna jin shi?"

"In sun shiga."

"Har waɗanda suka yi mishi sutura?"

"Har su."

Ta dubi na'urar da ke gabanta. "To in wannan akwatin ya ƙone hwa?"

"Ba a cikinsa yake ba. Yana wani wuri a Kalley. Akwati biyu ne, in ɗaya ya lalace ɗaya yana nan."

"Biyu."

"Biyu, Goggo."

"To madalla. Ya samu wurin zama." Ta miƙe ta ce mu tafi, ta bar wake a wuta.

Lokacin jarrabawa ya zo, na koma ƙetaren kogi na zauna ɗakin wata ƙawata a gidan ɗalibai, don hanyar Bobiel tana cin lokaci. Ina can aka yi ruwan farko na kirki. Da yamma ne, iska ta fara, sannan sama ta buɗe. Ɗalibai suka fito fili suna ihu, wasu suna sujada a cikin taɓo. Ni ma na tsaya a baranda na miƙa hannu ruwan yana zuba a tafina, ina tunanin gonar mahaifina.

Da aka gama jarrabawa na shiga siber don in ƙara wasu hotuna. Shafin bai buɗe ba. Na ɗauka layi ne, na jira, na sake. Daga nan na nufi Kalley.

Tun daga matakala na ji warin ƙuna. Iskar ranar nan ta ɗaga kwano ɗaya daidai saman ɗakin ciki, ruwa ya zuba a kan teburin. An ɗauke wuta lokacin, aka maido ta komai yana jiƙe. Na tarar da mai kamfanin zaune a ƙasa, akwatunan biyu a buɗe a gabansa, ya jera kayan cikinsu a kan tawul.

"Madmazel. Kin zo ki ce kin faɗa mini?"

"A'a."

"Ki ce mana. Matata ma ta ce, ita da ba ta san mene ne a ciki ba." Ya goge fuska da hannun riga. "Wa da ƙane, rana ɗaya. Na kai wa masu gyara, sun ce babu abin da za a ciro."

Tausayinsa na ji. Duk mutanen da suka ba shi ajiya yana ta kiransu ɗaya bayan ɗaya. Na ce masa namu da sauƙi, hotuna da rubutu suna wurina, sauran kuma yana gida. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka, ke kaɗai kika zo da magana mai daɗi."

Ranar Juma'a na koma Bobiel. Bayan la'asar na ɗauko tabarma, sai na ga Goggo ta fito ɗaki da mayafi da takalmi.

"Tashi mu tahi wurin akwatin nan."

"Siber? Ai ba sai mun je ba, Goggo. Shafin ma ya sami matsala. Bari in ɗauko rediyo."

"Kaset ɗin ba ya nan."

Na tsaya da tabarma a hannu.

Ta zauna a bakin ƙofa ta faɗa mini. Ina barin gida, wani direban garinmu ya zo gaishe ta. Ya ce shanun mahaifina sun ƙare, rumbu babu komai, gidan anza ake ci, ƴaƴan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa an zubar da ruwa sau da yawa. Ƙannena biyu sun rame. An ce wa mahaifina ya turo mahaifiyata da yara Yamai kafin kaka, ya ƙi, wai ba za a ce ya kasa riƙe gidansa ba. Garinmu babu layin waya, sai an je garin kasuwa an ari ta wani, a yi magana gaban jama'a.

"In na kira shi can, mi zai ce? Lafiya lau zai ce. Ubanki ba ya jin magana sai a ɗakinshi, ƙofa rufe. Ni na goye shi, na san shi."

Direban da sassafe zai juya. Ta zaga shagunan unguwa neman sabon kaset, aka yi ta mata dariya, wai wa ke sayar da kaset yanzu, kowa waya. Sauran kaset ɗin da ke gidan duk karatu ne da wa'azi.

"In taka maganar Allah? Ko in bar yara su mutu don ina riƙon abin sauraro?"

"Amma na karye masa kunne."

"Na gani. Takarda na cusa. Tun ba a haife ki ba muke cusawa." Ta ɗago kai. "Ban gaya miki ba don kina jarrabawa. Kuma ke kika ce biyu ne."

Ba da zargi ta faɗa ba. Tunatar da ni take, don mu tashi mu tafi kafin magariba.

Na durƙusa a gabanta na faɗa mata abin da na gani a Kalley. Ban san yadda na jera maganar ba. Na dai tuna na ce teburi ɗaya ne, rufi ɗaya. Ta saurara har ƙarshe. Ta cire mayafin, ta ninke shi da kyau, ta ɗora a cinya.

"Ruwan nan ne?"

"Shi ne."

"To. An dai yi ruwa, alhamdu lillahi."

Ta tashi ta ɗauko faranti ta zauna tsintar shinkafa, alhali ta riga ta dafa abincin dare.

Can na tambaye ta ko ta daɗe tana magana a kaset ɗin. Ta ce a'a, ita ba mai dogon zance ba ce, ta gaishe shi, ta ce masa abin da zai yi, ta kashe. Nan take na yi lissafi. Ashe farkon ne kawai ya tafi. Zane mai ruwan ganye yana nan, ruwan Abijan yana nan, in dai mahaifina bai ɗora amsa ba. Washegari tun kafin rana ta ɗaga na isa Katako, na sami alhajin ƙungiya, ya haɗa ni da wani direba mai tafiya wajenmu. Na roƙe shi ya ce wa Baba kada ya yi magana a kaset ɗin nan, ya maido shi yadda yake. Direban ya ce, "In Allah ya yarda, ƴar boko. Amma ruwa ya yanke hanya, sai mun ga yadda ta yiwu."

Ban zauna jira kawai ba. Na koma ofishin malaminmu, na tarar an share na'urarsa bayan jarrabawa. Na rubuta wa ƴan garinmu na Abijan, ko akwai wanda ya sauke muryar ya ajiye. Amsoshin suka zo da daɗi da ciwo. Sun ji, sun taru a siber sun ji, wani ya ce har kuka ya yi. Babu wanda ya ajiye. Ɗaya ya rubuto cewa sun ɗauka abin da ke intanet yana nan kullum.

Na sake gina shafin daga kile ɗina, ya koma yadda yake, lungu ɗaya ne babu. Taimako ya ci gaba da zuwa, aka sayi hatsi aka aika. Dattawan ƙungiya ba su ma san an rasa komai ba.

Juma'o'in nan sun yi mini tsawo. Goggo ba ta fasa shimfiɗa tabarma ba. In sa mata wani kaset na karatu, ya ƙare, mu zauna. Wata rana, tana jan carbi, ta ce:

"Bayan ƙafa, mi ya ce? Ruwa ne ko zane?"

"Ruwa, Goggo. Sannan zane."

"Haka ne. Ruwa, sannan zane."

Wata Juma'ar ta ce in faɗa mata duka. Na faɗa, tun daga gaisuwar har tarin. Kalmomin ba su ɓace mini ba ko ɗaya. Da na gama ta ce na iya, Allah ya yi albarka. Ba ta sake nema ba.

Wata rana da tsakar rana mahaifiyata ta iso, a bayan wata motar kaya, da ƙannena biyu da ƙullin tufafi. Na ga yadda wuyan ƙaramin ya sirance. Goggo ta karɓe shi ta ɗora a cinya, ta sa aka dama kunu, tana ba shi kaɗan kaɗan tana yi wa mahaifiyata faɗan me ya sa aka kai haka. Sai da suka ci suka yi wanka, mahaifiyata ta kwance bakin zane ta ciro abu naɗe a tsumma.

"Ga amsar ƙanenki, Yaya."

Na ce, "Inna, direba bai zo muku da saƙona ba?"

"Wane direba? Mu dai da babanku ya ji maganar Yaya, ya mayar da zaren nan take. Pil ɗin rediyon, batir ɗin nan, na aro ne, ya ce kada ya ƙare bai ba da amsa ba."

Goggo ta ce in ɗauko rediyo.

Muryar mahaifina ta fito, a shaƙe. Ya gaida yayarsa. Ya gaishe ni. Ya gaida alhajin Katako da mutanen ƙungiya. Ya gaida maƙwabtan Goggo da ya sani tun zuwansa Yamai na ƙarshe, gida gida, har da waɗanda suka tashi. Ya kawo zancen shanunsa, ja da fara da mai karyayyen ƙaho, yadda kowace ta kwanta. Ya yi shiru mai tsawo, zaren yana tafiya, ana jin numfashinsa. Ina kallon zaren ta ƴar tagar rediyon, gefe ɗaya yana ƙara kauri, ɗayan yana sirancewa. Wurin ruwan Abijan ya wuce. Wurin zane ya wuce. Mahaifina ya ce ya ji maganarta, ita ce uwa yanzu, ga yara nan ya turo, shi zai tsaya ya yi shuka tunda Allah ya kawo ruwa. Ya nemi gafara in ya ɓata mata. Ya yi sallama. Aka ji ƙarar maɓalli.

Sai shuuu. Sai ƙahon mota na wani gari mai nisa, da hayaniyar titi, da wata murya ta saurayi a tsakiyar magana:

"...bayan ƙofa, na sani. Ke mai littafi! Ɗaga kai ki gaida mutane, wuyanki zai karye."

Da dariyar. Zaren ya ƙare, rediyon ya kashe kansa.

Mahaifiyata ta dafe baki, ta gane muryar. Ta dubi Goggo, ta dube ni.

Goggo ta ce, "Ja'iri. Ko nan ma bai ƙyale ki ba." Ta gyara wa ƙanena kwanciya a cinyarta. Sannan ta dubi mahaifiyata sosai. "Kada ƙanena ya ji wannan. Ko bayan raina."

Baba bai ji ba. Ya rigaye ta ma tafiya, bayan wasu shekaru, bai san a kan muryar wa ya ɗora tasa ba.

Yara suka murmure. Da kaka suka koma gida. Mu kuma muka koma Juma'armu: karatu, sannan in juya. Sau ɗaya na kai hannu zan tura zaren gaba don mu tsallake maganar Baba, ta buge mini hannu. Ta ce ba a katse babba. Haka za mu zauna mu ji gaisuwar gida gida, da shanu, da dogon shirun, har mu iso wurin ƙahon mota. A nan take daina jan carbi.

Yanzu aikina ke nan, ina gina wa mutane shafuka. Kusan kowane sai ya tambaye ni ko lallai ne ya ajiye nasa kopi a wani wuri, tunda kamfanin da ke riƙe shafin ya ce yana ajiyewa. Nakan ce lallai ne. Ya ajiye a inda rufi daban ne, wuta daban, kuma ya gaya wa mutanen gidansa a fili wanne ne asali, kada kowa ya ɗauka wani ne ke riƙe da shi. Wasu suna ji, wasu su ce na cika tsoro. Ba na ba su labarin.

Ragowar muryar nan na kwashe ta tun a makon da kaset ya dawo. Tana wurina, tana wurin ƙanena a Tawa, tana wurin wani ɗan garinmu a Abijan. A cikin ciwonta na ƙarshe, lokacin rediyon ya daɗe da mutuwa, Goggo ta ce in sa mata a waya. Na kara mata a kunne. Ta ji sau ɗaya, ta ce in sake. Na sake.

"Farkon nan," ta ce, "sau nawa ya ce Inna?"

"Sau biyu, Goggo. Bai tabbata rediyon ya fara ɗauka ba."

"Haka ne," ta ce. "Kullum cikin gaggawa yake."